Shafi Arba'in da Ɗaya

9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Renita,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Yaya zafin Houston? Mu nan ƙanƙara ba ta gama da mu ba tukuna, gwiwata ta hagu kuma tana ba ni labarin yanayi tun kafin masu talabijin su buɗe baki. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ubanki a aji tara ya yi sallama da makaranta, makarantar kuma ba ta yi kuka ba.

Nita, nemi kujera kafin ki ci gaba. Ubanki ya zama mawaƙi.

Ranar Talata da hantsi ina ɗakin wanki ina ninke zannuwan gado, rediyon gandiroba yana ta dukan gambarar nan ta yaran zamani. Sai kiɗan ya tsaya cak, aka ji muryar matar nan ta na'ura mai cewa wannan kira daga fursuna yake. Daga nan wani tsoho mai shaƙaƙƙiyar murya ya ce, “Ni ne Velt Gaither na titin Dexter. Shekara ashirin da bakwai ina ciki, ban taɓa ba su sunan kowa ba. Da jiya za ta dawo, haka zan sake yi.” Ganga ta faɗo a kansa kamar an rufe ƙofar mota. Na ce a raina, wannan kuma wane sakarai ne? Sai da na ɗaga kai na ga mutum goma sha biyu sun bar aiki suna kallona, sannan na gane sakaran. Zanen ya suɓuce daga hannuna. Wallahi a kan kwandon kayan dauɗa na zauna.

Ga yadda abin ya faru. Kin tuna Hollis, abokin ɗakina na shekara tara, mai minshari kamar tirela tana hawan tudu? Yana da ɗan ƙanwa, Marquell, mai shekara ashirin da biyar, wanda yanzu yake kiran kansa da wani suna mai lamba a ciki, na kasa riƙewa. A watan Disamba Hollis yana waya da shi, sai ya miƙo mini. Marquell ya ce, “Baba Velt, unguwa na gaishe ka. Ɗan faɗa mana wani abu irin na mazan jiya mana.” Kin san halina, in aka ba ni fili ba na iya wucewa. Na shaƙe murya, na kwaikwayi yadda Dub Pettiford yake magana, na zuba waɗancan kalmomin. Da na gama na fashe da dariya na ce, “To ka ji yadda wawaye suke magana kafin a binne su. Je ka nemi aiki, ɗan nema.” Wannan ɓangaren ya yanke shi. Ashe yana ɗaukar muryata tun daga gaisuwa.

Kina shekara huɗu aka kama ni, saboda haka Dub suna ne kawai a wurinki. Shi ne yake riƙe da hodar iblis ta yammacin Detroit a zamaninmu, ni kuma direbansa ne. Direba, Nita. Mai buɗe ƙofa, mai sayo masa maganin ciki. Ya mutu tun shekarar da aka kama ni, amma ya fi masu rai da yawa yawo: waƙa tara na sani da aka ambace shi. Suna yabon farar rigarsa ta gashi da motarsa mai ruwan zinariya, kowane yaro yana cewa shi ne sabon Dub. Babu wanda ya taɓa rera cewa mutumin nan gyambon ciki ya hana shi cin komai sai fate-faten hatsi, ko cewa in ya ga kare, ko ɗan mitsitsi ne, ba ya fita daga mota sai na kore shi.

Yanzu sun gaji da matacce sun koma kan mai rai. Amshin waƙar yana cewa, “Bakina na Velt ne, zuciyata ta Dub.” Jiya wani sabon shiga ya tsayar da ni a layin abinci, ya ɗaga hannun rigarsa. Sunana ne a damtsensa da tawada. Har ya yi kuskuren harafi ɗaya. Na ce masa Allah ya sawwaƙe.

Abin da ya hana ni dariya yadda ya kamata shi ne wannan: ranar 14 ga Mayu zan tsaya gaban kwamitin sassauci, masu duba ko za a sake ni. Wannan ne karo na farko da suka yarda su saurare ni, in kuma suka ƙi, sai bayan shekara biyar. Ina da sittin da uku. Na yi shekara goma sha tara ba a rubuta mini laifi ko na ɗaga murya ba, ga shi cikin daƙiƙa ashirin na gaya wa duk Amurka cewa ban yi nadama ba.

Ki saurara, ki gaya mini ko muryar ta yi daɗi aƙalla. Ki gai da maigidanki.

Naki uba, tauraro ba da son ransa ba,
Roosevelt Gaither

6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Renita,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu wasiƙarki. Layi shida ce, huɗu daga ciki faɗa ne, kuma duka huɗun kin yi daidai. Kin ce a fitilar kan hanya kika ji ni, daga motar wasu 'yan mata da suke bin maganata kalma da kalma, har na bayanki suka yi ta danna miki oda. Ki yafe mini. Ban taɓa zaton zan iso Houston kafin ƙafata ba.

Lauyata Madam Szymanski ta zo ranar Alhamis. Mace ce da ba ta dariya, na gwada ta shekara uku. Ta ce lauyan gwamnati ya aika wa kwamitin da waƙar, har da kalmominta a rubuce, ya ja layi a ƙarƙashin nawa. Na ce ai wasa nake. Ta ce, “Malam Gaither, waƙar da mutum miliyan takwas suka saurara ba ta zama wasa don kai ka ce wasa ce.” Miliyan takwas, Nita! Na ce ta maimaita. Ni da ko a cocinmu ba a taɓa barina na riƙe lasifika ba.

Daga nan ta ciro wani tsohon fayil ta ajiye a gabana, ta ce ta tono shi daga rumbun kotu, kuma shi kaɗai ne zai iya fid da ni. Ina ganin bangonsa na gane shi. Sai na gaya miki abin da ke ciki, tunda gara ki ji daga bakina.

Abin da kika sani gaskiya ne. Da la'asar ce, a watan Oktoba, ina tuƙi, yaron Dub yana kujerar baya. Ya sauke gilashi ya harbi wani abokin gabarsu a tashar bas, bai same shi ba, ya sami Lorraine Askew, mai dafa abinci a makarantar firamare, tana dawowa daga aiki. Ni kuma na taka mota na gudu. Na san abin da muka fita yi. Wannan ban taɓa musu ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne, kwana biyu da kama ni na faɗi komai. Ba duka aka yi mini ba, ko tsawa ba a yi ba. Kofi ɗaya ɗan sandan ya ba ni, na fara kuka, na fara zuba. Sunan Dub, sunan wanda ya yi harbin, gidajen da ake ajiye kaya, har wurin da Dub yake aski. Shafi arba'in da ɗaya, kowanne da sa hannuna a ƙasa. Mai buga tafireta sai da ta nemi a ba ta hutu. Amma kafin a kai ga shari'a mutanen Dub suka kashe shi kansa Dub ɗin, suka kashe mai harbin, shaidata ta zama ba ta da wanda za ta kama. Alƙali ya sa aka rufe takardar don kada a taɓa ku, ke da mahaifiyarki. Ni kaɗai na rage a hannu, aka ɗora mini ɗaurin rai da rai.

Unguwa ta duba ta ga Velt ya tafi, ba a kama kowa bayansa ba. Sai suka ce namiji ne, ya haɗiye.

Kin san a nan in sabon mutum ya shigo, abin da ake fara tambayarsa shi ne takardunsa na kotu. Manya za su zauna su karanta, su ga ko infoma ne. Ni ranar da na shigo ba wanda ya tambaye ni. Na tarar an gyara mini gado, an ajiye mini taliya da kifin gwangwani da sabon soso. Ban ce musu ban yi magana ba. Ban kuma ce na yi ba. Na ci kifin. Shekara ashirin da bakwai ina cin kifin nan, ba a taɓa ture ni a layi ba, kujerata ta gaban talabijin ba mai zama a kai ko ina asibiti. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ita kaɗai ta sani, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta ce, “Yaya jarumi?” mu yi ta dariya har gandiroba ya harare mu.

Kin taɓa rubuto mini, kina aji goma, cewa ko me na yi, aƙalla ubanki ba ya sayar da mutane. Na ajiye wasiƙar nan. Ban taɓa iya karanta ta sau biyu ba.

Zaman kwamitin a buɗe yake, kowa na iya shiga, har 'yan jarida. In na yarda aka karanta fayil ɗin, kafin na dawo ɗaki labari ya riga ni. In na ƙi, waƙar ce za ta yi magana a madadina. Madam ta ba ni mako guda. Na roƙe ki, ki zo ranar, ko da a kujerar ƙarshe za ki zauna.

Ubanki, wanda ba wanda kike zato ba ne,
Roosevelt

17 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Renita,

Ina gaishe ki, ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu ba wani abu ba. Ban ga amsarki ba, ban kuma gan ki ranar ba. Ba ƙorafi nake ba. Bari in ba ki labari, don har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau da igiya a wuya. Lauyan gwamnati ya kunna waƙar daga farko har ƙarshe. Nita, ki yi tunanin ɗaki shiru, tuta a kusurwa, ubanki cikin rigar da aka ara masa, ganga tana girgiza kofunan ruwa. Da ta ƙare shugabar ta ɗauki takarda ta karanta amshin a hankali kamar mai karanta sakamakon gwajin jini, ta ce, “Malam Gaither, bakin naka ne ake nufi?” Na ce, “Ranki ya daɗe, nawa ne, amma sun yi masa ƙarya.”

Sai aka ba wani mutum dama. Dogo ne, ya fara furfura, sanye da rigar masu gyaran wutar lantarki. Terrence Askew, ɗan marigayiya. Shekararsa goma sha ɗaya lokacin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a bikin zagayowar ranar haihuwar 'yarsa ya fara jin waƙar, yana tsaye yana gasa nama, ya juya ya ga yarinyar tana rawa tana kiran sunana. Ba ta san ko ni wane ne ba. Ya ce tun yana saurayi yake jin sunan Dub Pettiford a rediyo, a shagon aski, a wayar abokan aikinsa, yanzu an ƙara nawa, amma ko sau ɗaya bai ji an ce Lorraine ba. Ya ce, “Ita ma a Dexter take. Ta ciyar da rabin iyayen yaran nan.” Ya zauna.

Na shigo da barkwanci biyu da na tanada don in sassauta ɗakin. Dukansu suka gudu suka bar ni. Na juya na ce wa Madam ta ba ni fayil ɗin, ni zan karanta da kaina. Kin san karatuna, kamar tsohuwar mota a sanyi. Minti hamsin na yi. A shafi na shida, inda na faɗi yadda jakarta ta zube a titi, da lemu suna gangarawa, na tsaya na kasa. Ba wanda ya taimake ni, haka kuma ya dace. Da na gama na ce wa Terrence ba na neman ya yafe mini. Ya dube ni ya ce, “Ban yi niyya ba.” Kwamiti ya ce zai ba da amsa cikin mako shida.

A motar dawowa na yi addu'ar da na sani, na ƙara da wadda ban sani ba. Na shiga sashenmu ina jiran ƙarfe a haƙarƙari.

Tafi suka yi mini, Nita. Tafi! Sama da ƙasa, ana buga ƙofofi. Hollis ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, yana cewa, “Tsoho, kai shaiɗani ne! Shafi arba'in da ɗaya! Kai da lauyar nan kuka zauna kuka tsara? Kuma duk matattu ka lissafa, ba wanda za a kama! An ce har da hawaye!” Na ce, Hollis, gaskiya ce. Ya kashe mini ido ya ce, “Sosai ma.”

Washegari na kira Marquell don in wanke shi tas. Kafin na buɗe baki ya ce, “Baba Velt, ka gama da su! Na riga na fara rubuta ta biyu, yadda tsoho ya yi wa gwamnati wasan kwaikwayo ya fito.” Na ce, kai, ɗan banza, rufe mini baki ka ji, ni infoma ne, na sayar da Dub a kan kofi ɗaya! Ya sheƙe da dariya ya ce, “Na gane, Baba, ana naɗar layin. Ci gaba, kana yi daidai.” Na ajiye wayar. Shekara ashirin da bakwai ina tsoron ranar da za a sani. Ban taɓa tunanin zan faɗa da bakina a ƙi yarda ba.

Kuma lallai ana naɗar layin. Madam ta ce lauyan gwamnati yana da ikon neman wannan hirar, in kuma waƙa ta biyu ta fito kafin amsa, kwamitin zai ga kamar na mai da su abin dariya ne a gaban ɗan matar. Ta ce in yi shiru in jira. Ina ganin shirun nan ya ishe ni haka.

Na ce ta kawo mini kwafin fayil ɗin, mai hatimin kotu da kwanan watan wancan lokaci. Zan yi abin da ya kamata a sa ni yi ranar da na shigo.

Ki kula da kanki.

Ubanki,
Roosevelt

1 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Renita,

Gaisuwa daga gadon asibitin kurkuku, inda ake ba mutum matashin kai har biyu. Da na san haka ne da tuni na nemi a dake ni. Kada ki tsorata, da sauƙi. Haƙarƙari uku ne da haƙori biyu, ɗaya ma dama yana girgiɗi.

Na miƙa wa Hollis takarduna da safe bayan an ƙirga fursunoni, na ce ya karanta ya miƙa wa manya, kamar yadda ake yi wa kowa. Ya ɗauka yana murmushi. Na ga lokacin da idonsa ya kai kan hatimi, ya kai kan shekarar, ya koma kan sa hannuna, wanda ya sani sarai, da karkataccen harafin G ɗin da shi ya koya mini gyarawa daga baya. Ya karanta har ƙarshe bai ɗago ba. Sannan ya ce, “Shekara tara ina ba ka gadon ƙasa, ni ina hawa na sama, Velt.” Ya tattara kayansa ya nemi a canza masa ɗaki. Shi bai taɓa ni ba. Wannan ya fi haƙarƙarin ciwo.

Kwana huɗu fayil ɗin yana zagaya sashen. Ba mai yi mini magana, in na zauna a tebur sai ya watse. A rana ta biyar, a ɗakin wanki, mutum uku suka same ni. Wanda ya fi zafin hannu shi ne mai sunana a damtse, yana duka yana kuka. Ni ma da ina da numfashi da na ba shi haƙuri, don abin nan ba ya gogewa.

Marquell ya fasa waƙa ta biyu. An ce ya cire muryata daga ta farko ya sa ta wani tsoho daga Baltimore. Allah ya sa shi ma ya duba takardunsa.

Rahoton dukan ya je gaban kwamitin, ya nuna musu ba wasan kwaikwayo na yi ba. Madam ta zo jiya, ta tsaya a bakin gadona, ta ce, “Biyu da ɗaya.” Na ce biyu da ɗaya me? Ta ce, “Ƙuri'ar kwamitin. Za ka fita ranar 12 ga Agusta.” Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce to ashe haƙorana biyu sun fi digirinki iya shari'a. Nita, ta yi dariya. Na so in tashi in kira shaidu.

Abu ɗaya ya rage, sai an rubuta adireshin da zan sauka kafin a sa hannu. Na riga na ce mata ta sa gidan da coci ke ajiye irinmu, don ban ga fuskar da zan tambaye ki da ita ba. Sai ta ciro ambulan daga jakarta ta ce tun ranar Litinin ya iso ofishinta. Rubutunki ne. Babu gaisuwa, babu Baba, babu sa hannu. Lambar gida, sunan titi, Houston. A ƙasa kuma layi ɗaya: “Ba a shan taba a gidana.”

Na daina tun jiya da ƙarfe uku.

Ubanki,
Roosevelt Gaither